Babi na Bakwai: Alkyabba Ta Sauka Daga Kan Doki

A ɗakin kakata, can Damagaram Takaya, akwai wata adakar ƙarfe da ba a buɗewa sai sau ɗaya a shekara, in damina ta ɗauke. Ranar sai ta sa a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a riƙa fito da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya ana shanyawa, don kada asu ya yi musu ta'adi. Abin da ke can ƙarƙashi, wanda ita da kanta take ɗagowa ba ta barin yaro ya taɓa, wata alkyabba ce ta mulufi. Janta ya koɗe ya koma ruwan goro, zaren adon ƙirjinta ya yi duhu, amma tuntun da ke bisa ƙoƙuwarta yana nan daram. Da an warware ta, sai ƙamshin kanumfari ya cika gida.

Ta mahaifinta ce. Na taɓa tambayarta ko ta hawan salla ce, don ni a nan kaɗai na san ana ganin alkyabba. Ta ce a'a, ta salla daban take, wani ƙanensa ya gada. Wannan ta tafiya ce. Ita yake yafawa in zai yi asubanci zuwa Zinder lokacin ɗari, ita ce bargonsa inda duk ya ya da zango, ita yake ja ya rufe fuska in iska ta taso da ƙura. Ta nuna mini wani faci a gefen hagu, inda sirdi ya ci ta. Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Ashe an yi lokacin da alkyabba take tufa kamar sauran tufafi, tana shan ƙura, tana shan faci?

In ka tambayi mutane abin da ya kawar da ita, amsar ba ta wuce "zamani riga". Gaskiya ne, amma bai isa bayani ba. Zamanin da ya tuɓe wa maza alkyabba ai ya bar musu babbar riga, ya bar musu hula, ya ma ƙara wa mata hijabi har ƙasa. Ba da ka ya yi zaɓen ba.

Duk asirin alkyabba a wuri ɗaya yake: ba ta da hannu. Ƙaton yanki ne na yadi da aka yanka kamar rabin faifai, aka haɗe bakinsa da ɗan ɗinki a ƙirji, aka ɗora masa ƙoƙuwa a baya. Ba a zura ta, yafa ta ake yi. Mai tafiya a ƙasa takan dame shi, sai ya tattare ta, ya riƙe gefe da hannu ɗaya, in iska ta kaɗo ya sake gyarawa. Amma bari ya ɗora ƙafa kan likkafa, nan za ka ga abin da aka yi ta dominsa. Sai ta baje bisa kuturin doki, ta sauko ta rufe gwiwoyi, ta tare ɗumin jikin dabbar ta mayar wa mahayi. Hannun hagu na ciki riƙe da linzami, na dama in ana bukatarsa sai a jefa gefen alkyabbar bisa kafaɗa, ga shi a sake, ko don mashi ko don jinjina. Tafiyar ayari kuwa ba ta gaggawa ba ce, takun raƙumi ne, iska ba ta samun abin ɗagawa. Da rana ta tare zafi, da dare ta zama shimfiɗa da mayafi. Matafiyin da duk abin da ya mallaka a hanya yake bisa bayan dabba ɗaya bai da abokin da ya kai ta.

Sunanta ma ya nuna daga inda ta fito. Wannan "al" ta farko irin ta alƙalami ce da albasa da almakashi, ta Larabci. Tufar mutanen Arewacin Afirka ce, ta ulun tumaki, kuma ta hanyar hamada ta iso mana: daga Tarabulus zuwa Gadamas, zuwa Gat, a ratso duwatsun Abzin, a sauko Damargu, a shigo Zinder, sannan a wuce Kano. Tafiyar watanni ce. Unguwar Zango da ke bayan ganuwar Birni a kan wannan ciniki ta girma, nan Abzinawa da Larabawa ke sauke kaya. Suna zuwa da mulufi da alharini da jar dara da takarda da murjani da kansakali, su koma da gashin jimina da hauren giwa da jemammun fatu, da kuma bayi, abin da bai kamata mu tsallake ba in muna ba da labarin dukiyar wancan zamani.

Akwai wata shaida da nake so ƙwarai. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iso Zinder a ƙarshen Disamban 1852, ya zauna har ƙarshen Janairun 1853 yana shirin tafiya Tumbutu. Da kuɗi suka iso masa daga arewa, cikin abin da ya saya a nan garin don kyautar sarakunan hanya har da jajayen alkyabbu, irin na gama-gari, tare da fararen rawuna da madubai da kanumfari da asake. Wato a Zinder ta wancan lokaci alkyabba haja ce ta kasuwa. Akwai ta manya mai zaren zinariya, akwai kuma ta matsakaita, wadda baƙo zai shiga gari ya sayi da dama ya ɗaure a kaya.

Ba kowa ke yafa ta ba, kada in yi wa tarihi ƙari. Manomi da maƙeri da mahauci ba su da ita. Amma da'irar masu ita ta fi ta yau faɗi nesa ba kusa ba, kuma dalili shi ne yadda fada take rabon arziki. Damagaram ta daɗe ƙarƙashin inuwar Barno, daga Kukawa ake tabbatar da sarkinta, kuma a duk ƙasashen nan tufa ce takardar shaidar naɗi. Shi ma sarki da tufa yake biyan mutanensa. Zamanin Tanimun ɗan Sulaimana, wanda ya gina ganuwa, ya tara 'yan bindiga, ya sa aka yi zubin igwa a cikin gari, ya rasu a 1884, babu albashin wata. Jarumin da ya yi abin kirki a fagen daga, doki da riga da alkyabba yake samu. Malamin da aka ji daɗin addu'arsa haka, madugun da ya kawo ayari lafiya haka. In kuma ta ɗan tsufa a jikin hakimi, ya tuɓe ya ba bafadensa, shi kuma bayan shekaru ya ba baransa. Kamar ruwa take gangarowa daga tudu. Irin wannan gangarowa ce, ina jin, ta kawo ta adakar kakata.

Tudun ne aka fara sarewa. A ƙarshen Yulin 1899, bayan yaƙin Tirmini, sojojin Faransa suka shiga Zinder, ba a daɗe ba kuma aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, wanda dawakinsa suka taɓa kai hari har ƙasar Kano zamanin Sarki Alu. A 1906 Nasara suka zargi fada da ƙulla makirci, suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa, suka kore shi daga ƙasar, aka bar gari a hannun Ballama. Sai 1923 aka mayar da sarauta da naɗin Barma Mustafa. Shekara 17 ke nan. Ko da ta dawo, ba irin ta da ba ce: babu ganima, babu gaisuwar garuruwan da aka ci da yaƙi, sarki ya koma mai tara haraji a madadin kumandan. Hannun da ba a zuba masa, me zai zubar?

Faransawa ba su hana alkyabba ba. Sun ma san darajarta sarai, don a Aljeriya da jar alkyabba suke naɗa shugabannin da suka ɗora wa jama'a, kuma sojojin dokinsu na can ita ce kakinsu. Abin da mulkinsu ya yi mata shi ne ya killace ta. Ta tashi daga kyautar da ke yawo hannu zuwa hannu, ta koma alamar muƙami, mai shi kaɗai ke da ita. A gefe guda kuma wani sabon girma ya tsiro wanda bai bi ta fada ba: na tafinta, na magatakarda, na mushen lakwal, na ma'aikacin gidan waya. Su aikinsu a tebur yake, da alƙalami da hatimi, hannu biyu a waje. Yaron da ya taso yana ganin mai kwat yana ba mai alkyabba umarni, ba sai an gaya masa tufar da zai yi buri ba.

Ita ma hanyar da ke kawo ta, ta mutu, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan. A 1911 Italiya ta faɗa wa Tarabulus, a wannan shekara kuma dogo ya iso Kano daga kudu. Kayan da ke cin watanni bisa raƙumi, da kuɗin rakiya da fargabar 'yan hari, yanzu jirgin ruwa ya sauke su Ikko, jirgin ƙasa ya kawo su Kano da rahusa. Gashin jimina ya riga ya sha kaye a hannun masu kiwonta na Afirka ta Kudu, kasuwarsa ta duniya kuma ta rushe a 1914. Sai tawayen Kawusan a Abzin, daga ƙarshen 1916 zuwa 1917, da ramuwar gayyar da ta biyo baya, wadda ta watsa mutane ta cinye raƙuma. Zinder da ke fuskantar arewa shekara da shekaru sai ta juya ta fuskanci kudu, inda gyaɗar Magarya da Matamai ke tafiya, atamfa da akoko na Ingila ke fitowa. Masaƙun Manchester ba su san alkyabba ba.

Daga nan sai ita kanta tufar ta sauya. Wadda ta ci gaba da shigowa tsarabar alhazai ce, ko wadda telolin gida suka ɗinka da karammiski da yadi mai sheƙi, an cika ta da ado a keken ɗinki. Tana da kyau a ido, ba na musu. Amma ba ta tare sanyin asuba, ba ta jure ƙaya, ba wanda zai shimfiɗa ta a ƙasa ya kwanta. Tufar aiki ta zama tufar kallo tun kafin doki ya gama fita daga rayuwar mutane.

Fitar dokin ce dai ta ƙarasa zancen. A ƙarshen 1924 motocin kamfanin Citroën guda takwas, masu tafiya bisa sarƙa, suka ratso hamada suka bi ta Zinder a hanyarsu ta Tafkin Chadi. Abin kallo ne a lokacin. A 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder aka kai Yamai, tazarar kusan kilomita 900, nisan da ba mai zuwa amsa kira a kan doki. Manyan motocin gyaɗa suka biyo, sarakuna da attajirai suka sayi nasu. Duk wanda ya taɓa ganin ana shigar da basarake mota cikin alkyabba ya san aiki ne na mutum biyu: wani ya tattara, wani ya riƙe ƙofa kada ta cije gefe, shi kuma ya zauna bisa tulin yadi da ƙoƙuwa tokare da ƙeya. Kujera mai jingina ba wurinta ba ce. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka sa ciyar da doki ya gagari yawancin gidaje, don damin geron da zai ci, yara na jiransa. Turakun da ke ƙofar gidaje da yawa suka zama wurin ɗaure babur.

Ba mu kaɗai abin ya sama ba. Turawa ma da irin wannan mayafi mara hannu suka yi ɗaruruwan shekaru, har ƙarni na 19, lokacin da jirgin ƙasa da cunkoson birni da aikin masana'anta suka sa kwat mai hannu da aljihu da maɓalli ta ture shi. Keken ɗinkin Singer, da ya fito a 1851, ya sa ɗinka hannun riga ya daina zama aikin tsada. Abin da ya rage musu yanzu na alƙalai ne da limaman coci da masu karɓar digiri. In ka duba, kusan jerin namu ke nan.

Amma ni abin da ya fi taɓa mini zuciya ba alkyabbar manya ba ce, ita tana da masu tsaronta. Gwado nake ji. Shi ne alkyabbar talaka. Auduga ce ta gonar gida, mata su gurje, su kaɗa a mazari, masaƙi ya saƙa siri-siri, a harhaɗa ya zama ƙaton mayafi mai kauri, wani fari sol, wani luru mai ratsin baƙi. A da, tun daga Disamba har Fabrairu, lokacin da sanyin dare a ƙasar Damagaram ke sauka ƙasa da digiri 15, iska na yanka kamar aska, duk dattijon da ka gani a bakin wuta ko a sahun asuba cikin gwado yake. Ya jefa gefe ɗaya bisa kafaɗar hagu, in rana ta ɗaga ya ninke ya saɓa, in ya sayi hatsi a kasuwa ya ƙulle a ciki, in baƙo ya kwana a zaure a miƙa masa. Uwa takan kai 'yarta ɗaki da shi. Gwado ɗaya sai ya yi wa mutum shekara goma, kuma kowace dala da aka biya a kansa a cikin ƙauye ta tsaya, tsakanin manomi da mai kaɗi da masaƙi da marini.

Bargon kanti ne ya fara raba shi da gado, gwanjo kuma ya raba shi da kafaɗa. Dilolin tsofaffin kayan Turai da ke shigowa ta Kwatano suka cika kasuwanni, musamman bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabon kaya ya gagari mutane. Je ka Kasuwar Dole in ɗari ya kama, ka ga tulin suwaita da jaket, kuɗin guda bai kai na zaren da za a saƙa rabin gwado ba. Ba kuma araha kaɗai ba ce. Saurayin da ke kabu-kabu daga asuba zuwa dare yana bukatar abin da zai kama jikinsa, ya ja zif har wuya, ya sa waya da canji a aljihu, hannuwansa biyu na kan babur. Gwado a wannan gudu tashi zai yi kamar tuta, in kuma ya sauka ya shiga ƙafar baya, sai dai Allah ya kiyaye. Ba zan ce masa ya yi kuskure ba. Abin da nake baƙin ciki a kai shi ne masaƙan da suka naɗe kayan aikinsu ba wanda ya karɓa, har ya zama a garuruwa da yawa sai ka yi cigiya kafin a nuna maka tsoho ɗaya da ya iya.

To ita babbar riga fa, da ta fi alkyabba cin yadi, yaya aka yi ta tsira? Tana da wuya. Kai ake zurawa, ta zauna da kanta bisa kafaɗu, a naɗe hannuwanta sama a ci gaba da harka. A gida ake ɗinka ta, ba ta jiran ayari, kuma ba a taɓa cewa sai mai sarauta ba. Shi ya sa shugabannin ƙasa farar hula, daga Diori Hamani har Mahamane Ousmane ɗan Zinder, da ita suka tsaya gaban duniya, ba da alkyabba ba. Duk da haka ita ma tana ja da baya a hankali zuwa Juma'a da ɗaurin aure, kaftani na cin sauran kwanakin. Wajen mata abin ya fi fitowa fili. Mayafi da gyale sai an riƙe, sai an gyara, suna zamewa. Hijabi kuwa mayafi ne da aka ɗinka wa wurin fuska, ya riƙe kansa da kansa, mace ta ɗauki yaro ta ɗauki jaka ta hau babur. Cikin shekaru talatin zuwa arba'in ya mamaye gari. Lafaya, wadda sai an naɗa an soke an riƙe gefe, tana nan da martabarta a Damagaram, amma ta fi fitowa ranar biki.

Alkyabba ta koma inda hannu ba ya aiki, ko inda akwai wasu hannuwan da ke yi wa mutum. Tana jikin Sultan ranar hawa, zagage na gefe suna gyara masa ita. Tana jikin liman a kan mumbari, da wanda aka naɗa yau, da amarya ranar kamu, ƙawaye na riƙe mata gefe. Lura da kalmar da muke amfani da ita: an yafa masa. Girman yana ga cewa wani ne ya ɗora maka. Daren 18 ga Disamban 2022, da Sarkin Ƙatar ya ɗora wa Lionel Messi baƙar rigar girma ta Larabawa kafin ya ɗaga kofin duniya, wasu masu sharhi a Turai sun yi ta ƙorafin an rufe masa rigar ƙasarsa. A gidajen kallo na Zinder ba wanda ya nemi a fassara masa abin da ya gani.

Kakata ta rasu, adakar ta koma gidan kawuna a Zinder. Shekarun baya da ɗan autansa ya sauke Alƙur'ani, aka rasa abin da za a yi masa na musamman, sai aka ce a ɗauko alkyabbar tsoho. Aka kakkaɓe, aka turara, kawu da kansa ya yafa masa a zaure. Ta yi masa yawa, gefenta na jan ƙasa, facin nan na sirdi ya sauko daidai idon sawunsa. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya sai ga shi ya tsaya cak, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Makarantar tana da ɗan nisa, abin hawan da ke gidan kuwa babur ne. Kawu ya dube shi, ya dubi babur ɗin, sai ya sake tuɓe masa ita, ya ninke gida huɗu, ya ɗora masa a cinya ya ce ya rungume da kyau. Sai da suka isa ƙofar makaranta, ya kafe babur a gindin bedi, sannan ya warware ta ya mayar masa bisa kafaɗa.